Saƙonnin Wan Baba Mai Igiya

Ina cikin shekara ta huɗu da buɗe rumfar cajin waya a Magama, kusa da shingen boda, lokacin da abin ya faru. Rumfar ba wata babba ba ce. Teburi ɗaya ne da benci biyu, da farantan sola a kan kwano, da allon katako da na jera wuraren caji a jikinsa. Bayan caji ina sa wa mutane kati, ina tura musu karatu a memori, in kuma waya ta rikice da wani abu ƙarami in duba. Mafi yawan masu zuwa wurina layi biyu suke riƙewa, ɗaya na Najeriya ɗaya na Nijar, don a wajen nan sabis ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sai ka taka daga rumfata zuwa wurin mai shayi wayarka ta sauya ƙasa.

Cikin waɗanda suka saba da ni akwai wani dattijo mai sayar da igiyar ɗaure dabbobi. Kowa Baba mai igiya yake ce masa. Ya fi shekara talatin a Jibiya, amma asalinsa wani ƙauye ne a ƙetare, can gaba da Ɗan Isa. Ya san mahaifina tun suna samari, shi ya sa ba ya kirana sai da “ɗana”. Wayarsa 'yar ƙarama ce mai madannai, ya ɗaure bayanta da roba saboda murfin ya saki. Bai iya karatun boko ba. Kira ya sani: kore a amsa, ja a kashe.

Wata safiya a farkon damina ya ajiye ƙullin igiyoyinsa a bakin rumfa, muka gaisa, ya miƙo mini wayar.

“Ɗana, duba mini salular nan. Wani abu ya hito bisa, kamar tabarau. Kullum sai ta yi ta kuka, in na ɗauka ba kowa.”

Na duba. Alamar saƙon murya ce a layinsa na Nijar, ga kuma rubutattun saƙonni jingim daga kamfanin layin, duk suna cewa akwatinsa ya cika. Na yi masa bayani cewa in an kira shi ba a same shi ba, akwai inda mai kiran yake barin magana, kuma wurin ya cika, sai an goge.

“To goge. Amma ka saurara tukuna, in da abin da ya kamata in sani ka hwaɗa mini. Bari in kai kayan ga in dawo.”

Ya ɗauki igiyoyinsa ya tafi. Na danna lambar akwatin, na kara a kunne. Muryar mace ta na'ura ta fara jero bayani da Faransanci, wanda na tsinci kaɗan-kaɗan a bakin 'yan Maraɗi: ɗaya a saurara, biyu a ajiye, uku a goge. Na danna ɗaya.

Muryar tsoho ce, mai kauri, yana magana a hankali kamar wanda ya zo gaban hukuma.

“Salamu alaikum. Madam, ina kwana?” Ya yi shiru. “Kin tashi lahiya?” Ya sake yin shiru. “Ina gajiya? Ina aiki? To madalla. Ni ba ni jin Faransanci, amma na san kina ji na. Wansa ne. In ƙanena ya zo, ki ce mishi an yi ruwa shekaranjiya, mun yi shibka. Allah shi yi miki albarka.”

Sai da na saurari na biyu na gane abin da ke faruwa. Wan Baba ne, wanda ya rage a ƙauye. Duk lokacin da ya kira wayar ba ta shiga ba, muryar na'ura takan ce masa ya bar saƙo, shi kuwa ya ɗauka wata ma'aikaciya ce aka ajiye a ofishin waya tana karɓar sallahu. Yana gaishe ta gaisuwa cikakkiya, yana barin fili bayan kowace tambaya don ta amsa. A wani saƙon ya ba ta haƙuri don ya dame ta da sassafe. A wani ya tambayi maigidanta da yara. A wani ya ce jakarsa ta haihu, a faɗa wa ƙanensa.

Na yi dariya har na dafa teburi. Da a nan na tsaya da babu abin da zan rubuta yau. Amma sai na sa wayar a sifika, na ɗauko tawa, na fara naɗar muryar. Guda uku na naɗa. Na ukun shi ya fi ba ni dariya, don a cikinsa ne ya ce:

“Madam, yau na ji muryarki kamar da mura. Ki samu citta da kanumfari ki sha, kar ki wasa da sanyin damina.”

Yana faɗar haka na sake fashewa. A daidai lokacin wani direba ya zo karɓar wayarsa, na juya ina nemo masa ita a allo, na bar wayoyin biyu a kan teburi, ɗaya tana magana ɗaya tana naɗa. Da na dawo saƙon ya ƙare, matar na'ura tana maimaita zaɓinta. Na danna uku. Sauran saƙonnin ma haka na yi musu: in ji farkon gaisuwa, in danna uku. Cikin ɗan lokaci akwatin ya koma fayau, alamar ta ɓace.

Da Baba ya dawo ya tambaye ni, “Mi aka ce?”

“Wanka ne, Baba. Gaisuwa ce kawai. Ya ce an yi ruwa sun yi shuka, kuma jaka ta haihu.”

Ya yi murmushi, ya ce madalla, ya sa mini albarka, ya zura wayar a aljihu. Ban gaya masa cewa wansa yana gaida na'ura ba. Ban san dalili ba a lokacin. Yanzu ina ganin don na riga na sa a raina cewa abin dariya ne na samu, kuma in na gaya masa ya zama ba nawa ba.

Bayan la'asar 'yan kabu-kabu sukan taru a bencina su huta kafin masu dawowa daga kasuwa su fito. Ranar na kunna musu. Wani ya ƙware da ruwan da yake sha. Wani ya ce in sake daga wurin citta da kanumfari, na sake har sau uku. Ba mu taɓa bari ya kai ƙarshe ba, dariya takan rufe shi, sai in mayar farko. Ɗaya daga cikinsu, abokina tun firamare, ya ce in tura masa. Na tura. Na ce masa kar ya ba kowa, ina faɗa ina dariya, shi ma ya amsa yana dariya.

Kafin mako ya zagayo maganar ta cika Magama. Ɗan kabu-kabu zai wuce ɗan'uwansa a guje ya ɗaga murya, “Madam, ina gajiya!” wancan ya amsa, “Ki sha citta!” Masu lodin hatsi suka ɗauka. Wani ya yanke wurin ya mai da shi sautin kira. Ina zaune a rumfa sai in ji muryar tsohon ta tashi daga cikin wayoyin da ke kan allona, yana tambayar lafiyar madam. Kuma gaskiya ita ce daɗi nake ji. Mutane suna nuna ni suna cewa daga wurina ta fito.

Kusan mako uku aka yi a haka. Baba ya zo caji sau da yawa a tsakani, muna gaisawa kamar kullum. In yana nan nakan yi fatan kar wata waya ta yi ƙara, amma ban wuce fatan ba.

Ranar da ya zo mini da maganar, da hantsi ne, babu kowa a rumfar sai ni. Bai zo da igiya ba. Ya zauna a benci, muka gaisa, ya daɗe yana kallon motocin da ke jiran a ɗaga musu shinge. Sannan ya ce:

“Jiya na hau mashin daga kasuwa. Wayar yaron ta yi kuka cikin aljihu, sai na ji muryar Yaya.”

Ya ci gaba:

“Na ce mishi shi tsaya. Na ce ina ya samu. Ya ce ai kowa na da ita, har ya kunna mini doguwar. Na saurara har ƙarshe.” Ya juyo ya dube ni. “Kai ka saurara har ƙarshe?”

Na ce, “Baba, wallahi…”

“Tana wurinka? Kunna.”

Na ɗauko wayata, na kunna na ukun. Gaisuwa ta wuce, citta da kanumfari suka wuce. Sai shiru mai tsawo, ana jin kaza daga nesa, da muryata can ƙasa-ƙasa ina magana da direban nan. Sai tsohon ya gyara murya:

“To madam, ga abin da ya sa na kira. Ki ce mishi idon ya ƙara ruhewa, yanzu ko hannuna ba ni gani sosai. An ce masu aikin ido za su zo Maraɗi ran Laraba ta sama, kwana biyu za su yi. In da hali shi taho shi raka ni. Ba ni son kowa shi ja ni cikin mutane in ba shi ba. Don Allah kar ki manta, wanga ya hi sauran.”

Saƙon ya ƙare. Larabar ta wuce da kwana goma sha wani abu.

Baba ya ce da ya sauka daga mashin ɗin ya hau tudun bayan tasha inda sabis ɗin Nijar yake kamawa, ya kira gida. Matar ɗan wan nasa ce ta ɗauka. Ta ce tsoho ya yi wanka tun asuba ranar Larabar, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zauna a zaure har azahar. Ɗansa ya ce ya zo ya kai shi, ya ƙi. Washegari ma haka. Bayan nan bai sake tayar da maganar ba, kuma ya hana a kira a tambaya. Ya ce an ba ƙanensa saƙo, in bai zo ba akwai abin da ya riƙe shi.

Baba bai zage ni ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ka ce mini gaisuwa ce kawai.” Sau ɗaya ya faɗa.

Na sauko daga kujera na durƙusa a gabansa, a bakin titi, mutane suna wucewa. Na ce ya yafe mini. Ya ce in tashi, ba ya son a taru. Ya ce shi nasa mai sauƙi ne, amma akwai wanda ya fi shi haƙƙi. Ya ce jibi zai ƙetara, in ina so in zo mu tafi.

Kwana biyun nan na yi su ina bin mutane. Duk wanda ya kawo caji sai in roƙe shi in duba wayarsa in goge. Wasu suka ba ni. Wasu suka ce ai sun riga sun tura Katsina, sun tura Maraɗi. Abokina na firamare ya goge tasa a gabana, ya ce bai san akwai wata magana a ƙarshe ba, na ce ni ma da na naɗa ban sani ba. Wani mai lodi ya ce mini, “Kai ka raba, yanzu kuma kai ne mai wa'azi?”

Ranar tafiya na rufe rumfa. Muka hau mashina, Baba a baya. Muka wuce shingen namu, muka wuce na duwan, wato kwastan ɗin Nijar, muka bar kwalta bayan Ɗan Isa muka shiga yashi tsakanin gonaki. Gero ya kai gwiwa. Tun daga Magama har ƙauyen bai ce mini komai ba sai “dama” da “hagu”.

Mun samu tsohon a zaure a kan buzu, dogo ne siriri, idanunsa sun yi fari kamar an ɗiga nono. Da ya ji sallamar ƙanensa ya miƙa hannu biyu yana lalube. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin wadda na riga na sani, da shirun nan bayan kowace tambaya, sai dai yau akwai mai amsawa. Bai tambayi dalilin rashin zuwan ba. Baba ne ya ce:

“Yaya, saƙonka bai iso ni ba sai kwana uku da suka wuce. Ga wanda zai hwaɗa maka yadda aka yi.”

Na matsa kusa, na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifina, ya ce ya san shi. Sannan na faɗa masa komai. Na ce ni aka ba wayar in saurara, ban saurara ba, na goge. Na ce na naɗi muryarsa na ba mutane suna dariya. Na so in tsallake wannan na biyun, don ina ganin bai kai ƙauyen ba, amma Baba yana zaune yana kallona.

Tsohon ya saurara kansa a sunkuye. Da na gama ya ce:

“Mi ya ba su dariya?”

Wannan tambayar ta fi duk abin da na shirya wa. Na ce, “Baba, matar da kake gaidawa… ba mutum ba ce. Murya ce aka naɗa aka ajiye. Kowa ya kira ita yake ji.”

“Ba ta ji na?”

“Ba ta ji, Baba.”

Ya shafa gemunsa. Sannan ya ce, a hankali, kamar da kansa yake, “Shi ya sa ba ta taɓa amsawa. Ni na ɗauka kunya ce.” Ya juya wajen da ƙanensa yake. “Kai ma ba ka sani ba?”

“Ban sani ba, Yaya.”

“To. Mutum shi gaida wanda ba ya nan, ai dole a yi dariya.”

Na ce masa ba haka ba ne, laifina ne, shi bai yi abin dariya ba. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya kira matar ɗansa ya ce a kawo wa baƙi fura. Aka kawo a ƙwarya, da ludayi biyu. Na sha don kar in ƙara wani laifin. Suka shiga hirar gona da ta 'yan'uwa, ni ina gefe kamar ba na nan, kuma na gode da hakan.

Kafin mu tashi na ce in sun yarda zan nemi inda ake aikin ido a Katsina, in kai shi. Tsohon ya juya ga ƙanensa ya tambaye shi, “Za ka?” Baba ya ce zai je. Sai ya ce to.

Bayan girbi muka je. Na samo mota, na yi ta shiga da fita wajen karɓar kati da bin layi, amma hannunsa Baba ne ya riƙe tun daga ƙofar asibiti har gado. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani. Aka yi wa na dama aiki ya buɗe. Na hagu aka ce ya daɗe da lalacewa, ba a taɓa shi ba. Na tambayi likitan a gefe ko da an zo tun farkon damina da an ceto shi. Ya ce ba zai iya cewa ba. Na so ya ce a'a.

Ranar da aka cire bandeji tsohon ya dubi ƙanensa ya ce ya tsufa. Sannan ya dube ni, karo na farko, ya ce, “Kai ne ɗan salula?” Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai.

Muryar ba ta ɓace ba. Ta ragu, wani abin dariyar ya zo ya maye gurbinta, amma har bara na ji ta a wayar wani baƙo da bai san ko ta wane ne ba. Na roƙe shi ya goge, ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya goge don ya rabu da ni.

Na tambayi Baba ko in kashe masa akwatin gaba ɗaya, yadda in ba a same shi ba kiran zai yanke kawai. Ya ce in bari, amma in koya masa yadda zai saurara da kansa. Na samo farin fenti na ɗiga a kan lamba ɗaya, na ɗiga ja a kan uku. Muka yi ta gwadawa, ina kiransa da layina ina barin magana, yana dannawa, har hannunsa ya saba. Ya ce fari a ji, ja a zubar. Na ce amma kar ya taɓa ja sai matar ta sake magana, don alamar saƙo ya ƙare ke nan. Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Har yanzu wurina yake kawo caji. Muna gaisawa, yana ce mini ɗana, yakan tambayi iyalina. In ya karɓi wayar ya ga akwai saƙo, sai ya ɗauki igiyoyinsa ya tsallaka titi, ya je gindin wata bishiyar dogon yaro da ke can gefe, ya juya wa rumfata baya, sannan ya kara ta a kunne. Wani lokaci yakan daɗe a tsaye. Ni kuma sai in sami abin yi a kan allo har ya gama ya wuce.